Ruwan Mashayar Shu'ibu

Mutanen garinmu, nan kusa da Baturiya, da ido suke auna ruwa. In ya yi garau, lafiyayye ne. In ya dame, mugu ne. Shi ya sa da ƙananan karfasa suka fara tasowa ciki sama a tafkin fadama, ba wanda ya wahalar da kansa da dogon tunani. Shanun Shu'ibu ne ke dama ruwa, to su suka kashe kifi.

Safiyanu, sarkin ruwa kuma babban manomin shinkafa, ya kai ƙara gun Maigari a rufe mashayar shanun. A nan kuwa kakan Shu'ibu ya shayar da shanu. In aka rufe, sai dai Shu'ibu ya kwashe iyalinsa ya bar garin da aka haife shi. Abin ya ba ni haushi matuƙa, don mutumin nan ko kara shanunsa ba su taɓa ci a gonar wani ba.

Ana cikin zaman ƙarar sai ga Adila, 'yar Shu'ibu mai karatun kimiyyar muhalli a jami'a, ɗauke da baho biyu. Ta durƙusa ta yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, a ɗaga hukunci zuwa gobe. Baba Safiyanu ya ɗebo ruwa da hannunsa, baho ɗaya daga mashaya, ɗaya daga gaɓar gonaki, inda ake wanke famfon feshi. Ya zuba kifi a kowanne."

Safiyanu ya yi dariya. "'Yar nan, ruwan gaɓar gonakin can har kwabo za ki gani a ƙasansa."

"Haka ne, Baba. Amma sabon maganin shinkafar nan da garin jan ƙarfe ake yin sa, ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Rariya ba ta tare su. Liƙewa suke a mashaƙar kifi su hana shi numfashi."

Maigari ya yarda. Safiyanu ya ɗebo ruwan, ya kamo kifin, ya kulle bahunan a zauren Maigari, ya jefa makullin a aljihunsa yana taƙama.

Washegari da hantsi har mata sun leƙo ta kan katanga. Aka buɗe zaure. Ruwan gaɓar gonaki yana nan garau abin sha'awa, kifin cikinsa kuma duk sun kife. Bahon mashaya, mai laka da warin shanu, da Safiyanu ya sa hannu sai wata karfasa ta yi tsalle ta watsa masa ruwa a gemu.

Wallahi guɗar da ta tashi sai ka ce biki. Ni kaina na yi ihu, ban ji kunyar kowa ba.

Safiyanu ya daɗe tsugune yana kallon matattun kifin. Famfonsa ya fi na kowa shiga tafkin, kuma ya sani. Da ya miƙe, shi ya fara cewa a haƙa ramin wanki nesa da ruwa. Sannan ya juya.

"Malam Shu'ibu, rana ta yi. Shanunka ba su sha ruwa ba."

A ranar, Shu'ibu bai zaga ta bayan gari kamar yadda ya saba ba. Ta ƙofar Maigari ya biyo da garkensa, Adila na gaba da sanda a kafaɗa. Shanun suka faɗa mashaya, suka dama ruwan son ransu.