Sanyin Cikin Gungume

Autata ta shigo shago da tsakar rana, ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta zauna a kan bencin da ban gama gogewa ba. Ni kafinta ne, shekara talatin da ɗoriya ina yanka katako, amma sai da yarinyar nan ta shiga jami'a na ji wai bishiya tana numfashi. Aikinta na digiri na biyu ke nan: ta ɗaura ɗan akwati a jikin bishiya ya auna iskar da ke fita ta ɓawo, ta kuma soka ma'aunin zafi a gefensa. Bishiya goma sha biyu, wata takwas tana fama.

"Baba, Farfesa ya ce da alama zubar da komai zan yi, in sake daga farko," in ji ta. "Ranar Litinin zai yanke hukunci."

"Laifin me kika yi?"

"In zafi ya ƙaru, numfashi ƙaruwa yake yi. To ma'aunina yana nuna ƙololuwar zafi da ƙarfe biyu, numfashin kuwa sai wajen biyar yake kai ƙololuwa. Ya ce na'urata ce ta lalace."

Raina ya ɓaci. Yarinya ta fita da sassafe, ta dawo ƙafa duk cizon tururuwa, sannan mutum yana zaune a ƙarƙashin fanka ya ce a zubar?

"Ma'aunin nan, zurfin yaya kika soka shi?"

Ta nuna mini kan ɗan yatsanta.

"A wane ɓangare?"

"Inda rana ke haskawa mana, don in ga lambobin sosai."

Na yi dariya har na shaƙi garin katako na kama tari. Akwai wani ɗanyen gungume da ke kwance a rana a bakin shago. Na tayar da injin yanka na raba shi biyu.

"Taɓa ɓawon."

Ta taɓa ta janye hannu da sauri.

"Yanzu taɓa ciki."

Ta ɗora tafinta a kai. Sanyi ƙalau.

"Zafi ba ya shiga itace da gudu, Auta. Sai yamma yake isa ciki. In ka yanka da sassafe, cikin ne da ɗumi, wajen da sanyi. Duk mai riƙe zarto ya san wannan."

"Baba!" Ta miƙe tsaye. "Ashe naman da ke numfashin yana ciki, ni kuwa fata nake ta aunawa!"

Washegari na rufe shago, abin da ko zazzaɓi ba ya sa ni yi. Na ɗauki injin huda da bakinsa mafi siranta, muka tafi gonar binciken. Kowace bishiya na yi mata huji uku, na kusa, na tsaka-tsaki da mai zurfi, a gefen rana da gefen inuwa. Ita tana zura ma'auni, ni ina toshe bakin da kakin zuma. Sai umarni take ba ni, "Baba, ƙara santimita ɗaya," ni kuwa ina cewa, "To, ranki ya daɗe."

Ranar Lahadi da yamma muna zaune a gindin bishiyar ƙarshe, kwamfuta a cinyarta, sai ta kurma ihu har tsuntsaye suka watse. A fuskar kwamfutar, layin zafin ciki da layin numfashi tare suke hawa, tare suke sauka. Na'urarta lafiyarta lau. Ta ce da ta bi zafin ɓawo, da lissafinta ya ɗora wa bishiyoyin numfashin da ba su yi ba.

Litinin kam ban tsinana komai a shago ba. Ƙusa uku na lanƙwasa a ƙafar kujera ɗaya. Wajen sha ɗaya waya ta yi ƙara.

"Baba, ba za a zubar ba! Ko lamba ɗaya! Ya ce wannan jinkirin ma shi ne ainihin binciken. Kuma ya tambayi wane ƙwararre ne ya ba ni shawara."

"Me kika ce masa?"

"Na ce babana."

Na ajiye guduma na zauna a ƙasa, ina dariya ina share ido da hannun riga. Tun tana aji huɗu na firamare rabon da ta kawo mini aikin makaranta in iya taimaka mata.