Harbin Yaya Sallau

Wani mafarki na yi a daren jiya, har yanzu bai sake ni ba.

Na gan ni ina kiwon bindigogina. Ina da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado da na cika da tsofaffin bindigogin wasa, irin waɗanda ake saya wa yara da Sallah, masu harba ɗan harsashin roba ruwan ɗorawa. Duk inda na ga tsohuwa a wajen 'yan gwanjo sai na saya. Matata Balaraba takan ce gara a ce tattabaru nake tarawa, ko ba komai a ci nama. To a mafarkin nan duk sun fito daga akwatin, suna tafe a gabana suna tsattsagar ƙasa kamar zabi. Guda ɗaya ce babu, wadda dama na gaji da nema ban samu irinta ba: koriyar nan mai tsagaggen mariƙi da muka ɗaure da robar tayar keke. Ita Baba ya saya mana ni da wana, Yaya Sallau, ya ce mu riƙa karɓa-karɓa.

Sai ga mu a ƙofar wani gari. Ƙofar a kwance take a ƙasa, in mutum ya ɗaga ta ya shiga sai ka gan shi ya ɓullo ta saman bishiya. Mai gadin wani jan gwada ne, ƙadangare sosai, da 'yar hularsa. Ya gyaɗa min kai.

Ya ce, "Nafi'u ko? Lale. Mu dai ba abin da za mu ce a kanka sai alheri. Duk yaran unguwarku, kai kaɗai ne ba ka taɓa samun ko wutsiyar ɗayanmu ba."

Na ce, "Ai ba don ban gwada ba."

"Mun sani. Shi ya sa muke zama daidai inda ka saita. Nan hankalinmu ya fi kwanciya."

Abin ya ɗan ɓata min rai, amma gaskiya ya faɗa, sai na kora garkena muka shiga.

Sararin garin cike yake da harsasan roba, suna rataye a iska, suna tafiya a hankali ƙwarai. Mata suna shanya a kansu, kafin la'asar zanin wannan ya isa gidan waccan, ba kuma mai cigiya. Wani mai shayi ya rataya butarsa a jikin ɗaya yana bin ta a baya da kofuna. Jan gwada, wanda yanzu yake zaune a kafaɗata, ya ce duk harbin da yaro ya yi bai ga inda ya faɗi ba, nan yake zuwa ya ƙarasa tafiyarsa.

Sai na gan ni a bayan gidanmu na Gusau. Ga katangar, ga gwangwanin madara a kanta, ga Yaya Sallau a tsaye ya miƙe hannu da koriyar bindigar, ya kanne ido ɗaya. Bara da damina ya rasu, da ni aka kai shi, amma a can wannan ba wata magana ba ce. Yana sanye da shaddar Sallarsa da ta yi masa yawa, tsawonsa bai wuce ƙuguna ba, ni kuwa da furfurata. Duk da haka shi ne babba, don haka na rusuna.

"Yaya, ina wuni?"

"Matsa, ka tare min haske."

Na matsa. A tsakanin bakin bindigar da gwangwanin ga harsashinsa nan, yana jan jiki kamar tururuwa ta ɗauko kaya.

Ya ce, "Na riga na harba. Yana samun gwangwani, sai kai."

Dokarmu ke nan tun da, shi ma ya kafa ta: mai harbi ba ya miƙa bindiga sai ya samu gwangwani.

Na ce, "In na karɓa, kai fa?"

"Gida za ni. Tun ɗazu ake kira na."

Ni da na yi yarintata ina tsalle a bayansa ina cewa ya yi sauri, yau ba na son bindigar. Shi nake so ya tsaya.

Na hura harsashin da baki, bai ko gusa ba. Na ɗauke gwangwanin na zura da gudu, katangar ta biyo ni tana haki, harsashin ya sha kwana a hankali ya biyo mu. Da na tsaya sai na ga ashe ban bar wurin ba, takalmana ne kawai suka yi nisa.

Na kira garkena, suka taru a ƙafafunsa. Na ce, "Yaya, dubi. Duk nawa ne. Zaɓi wadda kake so, ka riƙe taka in riƙe tawa, ba sai an yi karɓa-karɓa ba."

Ya leƙe su da idon da ke buɗe. "Wa kake jira ya miƙo maka su?"

"Ba kowa."

"To ina daɗin?"

Bindigogin suka juya suka ci gaba da tsattsagar ƙasa.

Saura kaɗan harsashin ya isa. Na zauna a ƙasa kusa da shi, ina jin ƙanshin sitacin rigarsa. Ya tambaye ni ko har yanzu idon da ba shi ba nake rufewa in zan saita, na ce e. Ya yi dariya har hannunsa ya girgiza, na ji daɗi, na zaci saitin zai lalace. Bai lalace ba.

Na ce, "Yaya, don Allah ka kuskure. Sau ɗaya dai."

"Ka taɓa ganin na kuskure?"

Ban taɓa gani ba. Harbi ɗaya yake yi ya miƙo min, ni kuwa in wuni da ita a hannu ina harbin katanga da iska, yana zaune a kan turmi yana yi min tsiya har a kira magariba. Duk zamanmu na ɗauka burga ce yake yi.

Ya buɗe ɗaya idon ya dube ni. Ya ce, "In na kuskure, kai yaushe za ka yi wasa?"

Ya juyo da bindigar, mariƙin ta wajena.

Ƙwal!

Na buɗe ido. Balaraba ce a tsakar gida take buga cokali a bakin gwangwanin madara, tana haɗa wa yara shayi. Hannuna na dama yana miƙe a gefen gado, tafin a buɗe. Ta leƙo ta ce me zan karɓa, na ce ba komai. Na daɗe ban naɗe hannun ba.