Bofurot a Ƙofar Makaranta

Mufeeda ba yarinya ce mai magana ba. Tun tana ƙarama, in baƙi suka zo gidansu a Lanham, wani gari kusa da Washington a Amurka, bayan kujera take maƙalewa, sai an jawo ta sannan ta gaishe su da muryar da ko mahaifiyarta Zinatu ba ta ji sosai. Kowace shekara malamai abu ɗaya suke faɗa: yarinyar akwai ƙoƙari, amma ba ta ɗaga hannu a aji. Shi ya sa ranar da ta dawo daga makaranta ta ce za ta tsaya takarar wakiliyar 'yan aji biyar a majalisar ɗalibai, ludayi ya suɓuce daga hannun Zinatu ya faɗa cikin miya.

"Ke? Ke ɗin nan da nake gani?"

"Ni, Mma," in ji Mufeeda. Hausa tana jin ta tsaf, amma da Turanci take amsawa, kamar yawancin yaran da aka haifa a nan.

Lokacin kaka ne na shekarar 2012, ƙasar duk ta ɗauki zafin zaɓe, ƙofar kowane gida da allon ɗan takara a kafe cikin ciyawa. Malamar ajinsu, Misis Martins, ta yi amfani da wannan damar tana koya musu yadda ƙasar ta faro. Da dare wajen cin abinci Mufeeda ta ba iyayenta labarin mutanen Boston, waɗanda sarkin Ingila ya ɗora wa haraji ba tare da an ji ta bakinsu ba, su kuma suka hau jiragen ruwa suka juye akwatunan ganyen shayi a teku.

Mahaifinta Mukaila, wanda ke tuƙa tasi a Washington, ya ajiye cokali. "Shayi? A teku? Ko madara ba su sa ba? Lallai waɗannan ba 'yan zangonmu na Kumasi ba ne."

"Baaba!"

"To, ci gaba, Shugaba. Ke me za ki zubar a teku?"

Ashe tana da nata ƙorafin. A farkon shekarar karatun an rage wa 'yan aji biyar lokacin shiga ɗakin karatu, kuma babu wanda ya tambayi yaran. A kan wannan ta gina jawabinta, wanda za ta karanta a gaban dukan 'yan aji biyar ranar zaɓe. A banɗaki take gwaji, ta kulle ƙofa, ta kunna famfo don kada a ji ta. Zinatu kuwa sai ta ɗauko kayan wanki ta tsaya a lungu tana ninkewa, kunnenta na jikin ƙofar. Da farko ruwan ne ke rinjayar muryar. Bayan 'yan kwanaki muryar ta fara fitowa sama da ruwan, har Zinatu ta haddace farkon jawabin ba tare da ta yi niyya ba: Babu wanda ya tambaye mu. Ni zan tambaye ku.

Abin ya tsaya mata a rai. Aikinta kula da wata tsohuwa ne a garin Bowie, tana fita da safe ta dawo a gajiye. Lissafin 'yan aji biyar ya fi ƙarfinta, tarihin Amurka kuwa daga bakin 'yarta take jin sa. Duk shekarun nan ba ta taɓa samun abin da za ta taimaka wa Mufeeda da shi a harkar makaranta ba. Amma zaɓe? Zaɓe kam ta san shi. Lokacin da kawunta ya tsaya takarar kansila a zangon Kumasi, unguwar Hausawa inda ta taso a Ghana, gidansu bai sauke tukunya ba har aka ƙirga ƙuri'a. Mahaifiyarta ta soya bofurot, fanken nan na Ghana mai ƙamshin gyaɗar ƙamshi, kwando-kwando, aka bi gida-gida da shi. Babu wanda ya kira shi cin hanci. Mutunci ne. Ba a zuwa neman abu a wurin mutane hannu rabbana.

Wata yamma ta je ɗaukar Mufeeda, ta ga hotunan Abby, abokiyar takararta, masu kala da ƙyalli, an manna su a bangon shiga. Na Mufeeda da alƙalamin zane aka yi shi a kan kwali, harafin ƙarshe ma ya matse don wuri ya ƙare. A mota Zinatu ta ce, kamar da wasa, "In soya wa 'yan ajinku ɗan wani abu?"

Mufeeda ta juyo da sauri. "A'a, Mma. Misis Martins ta ce duk wanda ya ba da kyauta za a cire shi. Kada ki kawo komai. Don Allah."

"Na ji."

Ta ji ɗin, amma a ranta ta ce ai ko a Kumasi haka ake faɗa a rediyo, kuma ana dafawa. Yarinya ce, ba ta san yadda duniya take ba.

Jajibirin zaɓe ta haɗu da maƙwabciyarta Olive a wurin ajiye motoci. Olive ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Jos, kuma ba ta ɓoye abin da ke bakinta. Ta leƙa bayan motar ta ga buhun fulawa da galan ɗin mai da ƙananan jakunkunan takarda.

"Maman Mufeeda, suna za a yi ba a gaya mini ba?"

Zinatu ta yi dariya ta gaya mata.

"Kai! Kada ki soma. Nan ba Kumasi ba ne, ba kuma Jos ba. Mutanen nan in sun ce doka, ko ɗansu ne sai sun taka shi."

"Haba Sista Olive, bofurot fa na ce, ba kuɗi ba. Yara ne."

"To ita mai takarar ta sani?"

"In ta ci zaɓe za ta sani."

Olive ta girgiza kai ta ɗauki jakarta. "Ni dai na faɗa. Ki ajiye mini nawa, ko an kore ku ni zan ci."

Washegari bayan sallar asuba Zinatu ta ɗora mai. Mukaila ya riga ya fita neman fasinjan filin jirgi. Da Mufeeda ta fito da farar rigarta da aka goge, ta shaƙi ƙamshin ta dubi uwarta.

"Na tsohuwar nan ta Bowie ne," in ji Zinatu, tana juya mata baya. "Yi sauri kada bas ta wuce ki."

Bas ɗin makarantar tana zagaya unguwanni kafin ta isa, don haka Zinatu ta riga ta. Ta ajiye mota a gefen titi, ta tsaya daidai inda yara ke bi su shiga ƙofa, da babban faranti a hannu. Kowace jaka ta rubuta sunan Mufeeda a jiki da hannunta. Yaran farko suka ɗan yi jim, sai wani ya ɓalla ya kai baki, ya zaro ido, ya kira abokansa. Nan da nan aka yanyame ta. Tana miƙawa tana cewa da Turancinta na Kumasi, "Ku zaɓi Mufeeda, kun ji? Yarinyar kirki ce." Sukari a leɓunansu, mai a yatsunsu, suna ta godiya. Rabon da ta ji daɗi haka a ƙasar nan har ta manta.

Sai bas ta tsaya. Zinatu ta ɗaga kai tana murmushi, ta ga fuskar 'yarta a jikin gilashi. Mufeeda ba ta motsa ba. Duk yaran suka sauka, ita ce ta ƙarshe, ta wuce ta gefen uwarta kanta a ƙasa, ta riƙe takardar jawabinta a ƙirji.

Ba a jima ba wata ma'aikaciya ta fito ta ce ana son ganin Zinatu a ofis.

Misis Martins doguwar mace ce mai furfura, kuma ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Da ma ta yi faɗa, da ya fi wa Zinatu sauƙi. Ta ba ta kujera, ta bayyana mata cewa akwai yaran da wasu abinci ke sa wa rashin lafiya, amma ta ce wannan an duba, babu wanda ya samu matsala. Babbar maganar ita ce dokar zaɓen. Yaran ne da kansu suka tsara ta a aji, suka ɗaga hannu suka amince da ita. A makon da ya wuce ma an cire wani ɗan takara saboda ya raba cingam.

"Amma ba ta sani ba," in ji Zinatu. "Wallahi ba ta sani ba. Hana ni ma ta yi. Ni ce. Ni za ku hukunta, ku hana ni shigowa makarantar nan har abada."

"Na yarda ba ta sani ba," in ji malamar. "Na san Mufeeda. Amma yaran sun riga sun ci, kuma sunanta ne a jikin jakar. In na bar ta, me zan ce wa wancan yaron? Me zan ce musu game da duk abin da na koya musu tun farkon shekara?"

Zinatu ta sauke idanunta. Farantin na kan cinyarta, saura jaka biyu ko uku, mai ya fara ratsa takardar.

Aka kira Mufeeda. Misis Martins ta durƙusa daidai tsayinta, ta gaya mata cewa sunanta ba zai fito a takardar ƙuri'a ba, amma in tana so, za ta iya hawa ta karanta jawabinta, domin ta san ta wahala a kansa. Zinatu ta zuba wa 'yarta ido, tana roƙo a zuci. Mufeeda ta dubi takardar da ke hannunta, ta ninke ta, ta sake ninkewa har ta zama 'yar mitsitsiya, ta girgiza kai. Ta tambaya ko za ta iya komawa aji.

Ranar Zinatu ta yi wa tsohuwar da take kula da ita wanka, ta taje mata kai, ta ba ta magani, ba ta san tana yi ba. Da yamma ta tarar da Mukaila a falo, labari ya riga ya iske shi. Bai yi wasan da ya saba ba. Cewa kawai ya yi, "Abby ce ta ci. Mufeeda na ɗaki."

Mufeeda na zaune a bakin gado, ba ta cire farar rigar ba. Zinatu ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Mufee, don ke na yi. Haka muke yi a gida. Na ga hotunan yarinyar can, na ce ke ma kina da uwa." Mufeeda ta sunkuyar da kai. "To karanta mini jawabin. Ni da Baabanki za mu zauna, mu tafa miki."

Yarinyar ta ɗago. Ba kuka take yi ba. Da Hausa ta yi maganar, a hankali, tana laluben kalmomin kamar mai taka dutse a rafi.

"Mma, ai na gaya miki. Ba ki ji ba."

Shekara da shekaru Zinatu na fatan ranar da 'yarta za ta amsa mata da Hausa. Ba ta taɓa zaton da waɗannan kalmomin za ta zo ba.

Kwanaki suka wuce, gida ya koma yadda yake. Mufeeda na cin abinci, tana aikin makaranta, tana gaida baƙi da ƙaramar muryarta ta da. In ta shiga banɗaki ta kunna famfo, Zinatu kan tsinci kanta a lungu da kayan wanki, amma ruwa kawai ake ji. Olive ba ta taɓa cewa ai na gaya miki ba, ba ta kuma tambayi nata bofurot ɗin ba.

Da bazara ta shigo, 'yan aji biyar suka shirya wasan kwaikwayo a kan mutanen Boston da shayinsu, aka gayyaci iyaye. Zinatu ta daɗe tana juya maganar kafin ta tsaya a ƙofar ɗakin 'yarta.

"Mufee, in zo?"

Mufeeda ta yi ɗan tunani. "Ki zo. Amma kada ki kawo komai."

Zinatu ta je. A bakin zauren Misis Martins ta gaishe ta da fara'a, ta rage murya ta ce ta so Mufeeda ta zama mai ba da labari, don duk ajin babu mai karatu kamarta, amma yarinyar ta ce a ba wani. Zinatu ta gyaɗa kai ta nemi kujera a baya. Wasu iyayen sun zo da furanni, wasu da na'urar ɗaukar hoto. Ita ta rasa inda za ta sa hannuwanta, ta ɗora su a cinya, ta sauke, ta cusa su cikin gyale.

Aka buɗe labule. Abby ce a gaban lasifika tana ba da labarin sarkin da bai tambayi kowa ba. Yara da huluna masu kusurwa uku suna wurgi da akwatunan kwali, ana ta dariya. Can ƙarshen dandamali Mufeeda na durƙushe, ita da wata yarinya sun riƙe shuɗin ƙyalle suna kaɗawa. Su ne teku. Ta kaɗa shi da kyau, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba, kuma har aka tashi ba ta ce uffan ba.

Mutane suka miƙe suna tafi. Zinatu ta zaro hannuwanta daga cikin gyale ta tafa tare da su, leɓunanta na motsi da farkon wani jawabi da babu wanda ya taɓa ji a zauren nan sai ita.