Bakin Rigar Auta

Tela ya kanga katin buɗe ɗakin otal a jikin ƙofa, jar fitila ta kawo. Ya juya shi, ya goge shi da hannun riga, ya sake kangawa, sannan ƙofar ta ga dama ta buɗe. Ya shiga yana mita ƙasa-ƙasa, riƙe da burodin da ya naɗo a takarda daga wurin karin kumallo. Shi dai bai ga dalilin da za a jera wa mutum abinci kamar na gari guda ba, a ce kuma ya taso hannu rabbana.

An gyara ɗakin yana ƙasa. An ja zanen gado ya miƙe tas, an sake tawul, har sabulun da ya fara taɓawa jiya an ɗauke an kawo sabo. Ya tsaya yana jinjina kai. Sai idonsa ya kai kan mariƙin ƙofar kabad, inda ya rataye wata farar jaka kafin ya kwanta. Babu jaka.

A cikin jakar nan rigar Auta take. Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, kuma yau da la'asar za a rantsar da ita likita a babban zauren da ke tsallaken titi. Ita ta kama masa ɗaki a wannan otal, ta ce wahalar da ya sha ta isa, ya zo ya kwana inda manya suke kwana. Shi kuwa tun ranar da ta shiga makarantar likitanci ya kafa doka cewa babu mai ɗinka rigar wannan rana sai shi. Ya sayi yadi shuɗi mai duhu, ya jiƙa, ya shanya a inuwa, ya riƙa ɗinkawa a nutse bayan an tashi daga shago. Da ragowar yadin ya fitar wa kansa doguwar riga, wadda ke jikinsa yanzu haka.

Abu ɗaya ya bari, kalmasa. Tela bai taɓa kalmashe bakin riga ba sai mai ita ta tsaya gabansa da takalmin da za ta sa. Matarsa, da ciwon gwiwa ya hana ta wannan tafiya, ta yi magana har ta gaji.

"Ka ƙarasa abin nan a gida, Malam. 'Yarka ce fa, ka san tsawonta."

"Na san tsawonta," in ji shi, "ban san tsawon takalminta ba."

Jakar kuwa, da ma jiya a cikin kabad ya same ta a ninke, farin ƙyalle mai igiya, da wani ɗan rubutu a jiki. Tabarau na can ƙasan akwati, bai tsaya nema ba. Har ya yaba wa otal ɗin a ransa, ya ce ka ga mutanen da suka san darajar sutura, ko jakar kare ƙura ba su manta ba.

Ya fito da sauri. A ƙarshen baranda ya tarar da mai gyaran ɗakuna tana tura keken tawul.

"'Yar nan, ke kika gyara ɗakin can?"

"Ni ce, Baba. Akwai abin da bai yi ba?"

"Jakar da na rataye fa?"

"Ta wanki? Ai tun ɗazu ta sauka. Kada ka damu, kafin yamma an kawo maka a goge."

"Wanki? Wa ya ce a wanke?"

"Baba, duk abin da aka sa a jakar nan ai wanki ne. An rubuta a jiki."

A cikin lif, yana kallon kansa ta madubi ko'ina, duk laifuffukan otal ɗin suka dawo masa sabo. Jiya da ya iso da tsohon akwatinsa, mai gadi ya nuna masa ƙofar baya ta masu kawo kaya, sai da Auta ta fito ta riƙe masa hannu. Katifa ta yi laushi har bayansa ya ƙage, ya sauko ya shimfiɗa bargo a ƙasa. Taga ba ta buɗuwa, na'urar sanyi kuma ta ƙi jin magana, ya kwana da hula da safa. Amma don Allah ruwan zafin nan da ke zubowa daga sama, ya daɗe a ƙarƙashinsa yana lumshe ido, har ya ji kunyar kansa. Da asuba kuma ya ɗaga labule ya ga gari shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ce a ransa, yau ni ne a nan, kuma 'yata ce ta kawo ni.

A teburin karɓar baƙi wata budurwa ta saurare shi da murmushi tun daga farko har ƙarshe.

"Za mu duba, ranka ya daɗe. Ka koma ɗaki ka huta, za a kira ka."

"Ba hutu ya kawo ni ba. Ina ne wurin wankin?"

"Baƙi ba sa shiga can."

"To yau baƙo zai shiga."

Muryarsa ta ɗan tashi, wasu masu shan shayi suka waiwayo. Manaja ya fito daga ofis, dogo, cikin kwat mai ruwan toka. Ya ji bayani, ya dubi fuskar tsohon, bai ja magana ba. Ya ce, "Mu je, Baba."

Suka bi ta wata ƙaramar ƙofa, suka gangara matakala. Nan kafet ya ƙare, ƙamshi ya ƙare, sai siminti da bututai da zafi. Injinan wanki na ta gurnani a jere, tururin guga ya cika ɗakin. Abin mamaki, sai a nan Tela ya ji numfashinsa ya daidaita, don wurin ya fi kama da inda mutane ke aiki.

Shugabar masu wanki, wata dattijuwa mai tabarau a karan hanci, ta ji an ce shuɗiyar riga, sai ta sauke dutsen guga a hankali. Ta je ta ɗauko ta a kan hannuwanta biyu. Daga wuya zuwa gwiwa rigar lafiya lau take, ɗinki bai motsa ba. Amma bakinta ya yi buzu-buzu, zare ya warware ya yi jela, wani gefen kuma an datse shi a karkace.

"Cikin inji ya sarƙe da zif ɗin wani wando," in ji ta. "Sai da na sa almakashi. Wallahi Malam, sai da ta fito na lura ba a kalmashe ba. Mu jaka kawai muke juyewa."

Tela ya karɓa. Ya bi bakin rigar da yatsa, ya ga abin da ya tafi ya kai faɗin tafin hannu. Ya so ya yi faɗa, faɗa na gaske, irin wanda yake yi a shago in an ɓata masa yadi. Ya buɗe baki, sai ya rasa wanda zai kama. Shi ya bar kalmasa, shi ya sa a jaka, shi ya ƙi neman tabarau.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Manaja. "Akwai shagon tufafi a sama. Ta zaɓi wadda take so, otal ya ɗauki nauyi."

"Na gode. Ba riga muka rasa ba."

Wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, ta zo gwaji kamar yadda suka yi, tana ƙwanƙwasa ɗaki ba kowa. Manaja ya hau da kansa ya shigo da ita, tana riƙe da ledar takalmi. Ta dubi rigar, ta dubi mahaifinta, nan take ta gane. Ta yi saurin yin murmushi.

"Haba Baba, don wannan? Ba komai wallahi. Ina da wata da na saya, sai in sa ta."

Don ta kwantar masa da hankali ta faɗa, amma maganar ta soke shi fiye da almakashin. Ashe har an tanadi wata. Ya miƙa mata rigar.

"Shiga can ki sa. Da takalmin."

"Baba, lokaci fa."

"Auta."

Ta shiga bayan tarin zannuwan gado, ta fito. Kafaɗa ta zauna, hannu ya zauna, ƙugu kamar a jikinta aka yanka. Masu guga suka dakata suna kallo. Sai dai rigar ta tsaya can saman idon sawu, da jelar zare tana reto. Tela ya zagaya ta a hankali, ya durƙusa, ya auna da yatsu daga bakin rigar zuwa bayan takalmi. Ya miƙe ya fara ɓalle maɓallin wuyansa.

"Hajiya," ya ce wa dattijuwar, "a ara mini abin da zan rufe jiki. Da almakashi mai kaifi, ba wanda kika yi ɓarna da shi ba."

Dattijuwar ta yi dariya, ta miƙo masa farar rigar ma'aikata. Ya shimfiɗa doguwar rigarsa a kan teburin guga, ya daidaita ta da tafin hannu.

"A'a Baba!" Auta ta riƙe masa hannu. "Rigarka ce fa. Me za ka sa?"

"Ni aka ce za a rantsar?"

Ya sa almakashi. Ya fitar da ƙyalle biyu daga ƙasan rigar, ya haɗa su, ya datse buzu-buzun rigar Auta ya daidaita. Akwai tsohon keken ɗinki a lungu, wanda suke gyaran labule da shi. Ya zauna, ya taka, ya saurari ƙararsa, ya ɗan juya wani ƙarfe, ya ce keken ba shi da laifi, rashin mai ne. Ya jona ƙyallen a bakin rigar, ya sa Auta ta hau kan wani akwatin katako da takalminta, ya durƙusa da fil a baki yana cewa ta juya, ta tsaya, ta daina kallon ƙasa. Kalmasar kanta da hannu ya yi ta, ƙananan ɗinki da ba a gani ta waje.

Manaja bai tafi ba. Ya cire kwat, ya aika aka kawo ruwan sanyi da shayi. Dattijuwar ta ɗauki abin da ya rage na rigar Tela ta hau keke ta kalmashe masa, tana ɗinki yana satar kallon hannunta. Da ta gama ya sa, rigar da ta saba kaiwa ƙauri ta tsaya a cinya.

"Kai, Baba ya koma saurayi," in ji Auta. "Bari in ɗauka in tura wa Mama."

"Ki tura, ki ga yadda za ki koma gida."

Aka goge rigar Auta, ta sa, ta juya a tsakiyar ɗakin wanki. Ƙyallen da aka jona ya zauna kamar da ma ado ne aka yi da gangan. Masu guga suka tafa. Ta rungume shi ta fice da gudu, don ana jiran su a jera. Manaja ya raka Tela har bakin titi, ya ce yana fata ba za a tafi da su a baki ba.

"Ruwan zafinku yana da kyau," in ji Tela. "Mutanenku na ƙasa ma haka. Katifar ce dai ku sake shawara."

Zauren ya cika maƙil. Ya samu kujera a tsakiya, kusa da wani mai ƙiba da ke ta fifita da takardar tsarin taro, ya zauna yana jan rigarsa ƙasa tana komawa. Aka buga kiɗa, sababbin likitoci suka fara shigowa a layi. Tela ya miƙa wuya yana neman shuɗi. Babu shuɗi. Kowannensu an lulluɓe shi cikin wata baƙar riga burmemiya, tun daga wuya har ƙasa, da hula mai faɗi a ka. Babu wanda ya taɓa gaya masa haka ake yi. Da kyar ya gane Auta, ita ma ta fuska. Kafaɗar nan da ya sha wahala a kanta, da hannun, da wuyan, duk suna ciki babu mai gani. Ransa ya sosu ƙwarai, ya ji kamar an yi masa wasa da hankali.

Aka yi jawabai, aka yi rantsuwa, aka fara kira ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Auta, ta taso ta nufi dandamali. A gindin matakala ta sa hannu biyu ta tattare baƙar rigar, ta ɗaga ta sama fiye da yadda hawa ke bukata, ta hau a hankali ba ta sake ta ba. Shuɗin ya fito fili a ƙarƙashin fitilu, ya zagaye ta daidai wa daida, bai taɓa ƙasa ba, bai kuma ɗage ba.

Tela ya zunguri mai ƙiba da gwiwar hannu.

"Malam, ka ga shuɗin can a ƙasan rigarta?"

"Wacce?"

"Wadda ake miƙa wa takarda. Dubi yadda ya zauna. Ko'ina ɗaya."

Mutumin ya daina fifita, ya duba, ya dubi gajeriyar rigar da ke kusa da shi, ya sake duban dandamali.

"Ai kuwa ya zauna. Kai ne telan ke nan?"

"Ni ne," in ji Tela, yana share ido da bayan hannu. "Likitar ma ni na haife ta."