Ɗakin Tattabarun Emil

Ranar da labarin ya iso mata, Rozela Huruska tana bayan gida tana kankare kashin tattabaru da tsohon shebur ɗin mijinta. Ba a daɗe da binne Emil ba, rigar aikinsa ma tana rataye a ƙusa inda ya bar ta. Sai ga wani saurayi daga ofishin tsara gari ya tsaya a bakin shinge, yana kare hanci da bayan hannu.

"Sannu da aiki, Mama. Ke ce Madam Huruska?"

"In ba ni ba, wa zai tsaya cikin wannan kashi don nishaɗi? Faɗi abin da ya kawo ka, ɗan nan."

Ya ce ɗakin tattabarun nan sai an rushe shi. Tun da daɗewa doka ta hana kiwon tsuntsaye a unguwar, na Emil an ƙyale shi ne don ya riga dokar zuwa. Amma in irin wannan ɗaki ya zauna wata shida ba a amfani da shi, izinin ya mutu, ba ya kuma tashi. An kai musu rahoto cewa tun kaka har bazara babu tsuntsu ko ɗaya a ciki.

"Lokacin mijina yana asibiti," in ji Rozela. "Hayaƙin masana'antar ƙarfe ya cinye masa huhu. A kan kujera nake kwana a gefensa. Wa zai ba su hatsi? Abokinsa ne ya kwashe su ya riƙe mana, ga su nan sun dawo, ko ba ka ji kukansu?"

"Ina ji, Mama. Allah ya ji ƙansa. Ni dai aiko ni aka yi. Kina iya zuwa gaban kwamiti ki roƙa."

Emil ya gina ɗakin da hannunsa shekarar da suka yi aure, da katakon da masana'anta ta zubar. Allah bai ba su haihuwa ba. Duk Asabar akan kai tattabarun can wata jiha a sake su, shi kuma ya zauna kan bokiti a bayan gida, ya ɗaga kai sama har wuyansa ya ƙage. Da ya hango su sai ya miƙe yana fito kamar yaro. A asibiti, da numfashi ya fara gagararsa, bai yi mata zancen gida ko mota ba. Cewa ya yi, "Rozi, kada 'Yar Toka ta dawo ta rasa wurin sauka." 'Yar Toka tsohuwar tattabara ce mai tabo a fuka-fuki, ita ce ba ta taɓa ɓata masa rai ba.

Ranar zaman kwamiti, Vito Pagano ne ya kai ta a tsohuwar motarsa. Shi ne abokin da ya riƙe tsuntsayen, tare suka yi aikin narka ƙarfe da Emil.

"Na ga kin sa rigar coci, matar aboki. Ɗaurin aure za mu?"

"Kai dai dubi hanya, tsoho. Kai da ka zo da gashin tsuntsu a hula."

A zauren hukumar gari mutum biyar ne zaune bayan dogon tebur, kowa da gorar ruwa a gabansa. Kafin a zo kanta, lauyan wani kamfanin gine-gine ya tashi da manyan zane-zane. Kamfanin ya daɗe yana sayen gidajen layin su Rozela ɗaya bayan ɗaya, yanzu yana so ya gina dogon bene a ƙarshen layin. Benen ya fi tsayin da doka ta yarda, ya kuma ci filin da ya kamata a bari a gefen titi. Lauyan ya faɗi haka da bakinsa, yana murmushi. Shugaban kwamitin, Mista Linkwis, ya tambaye shi lafiyar gwiwarsa, suka yi dariya, aka ɗaga hannuwa. An amince.

Vito ya sunkuyo kunnenta. "Da Emil ya sani, da bene ya gina wa tsuntsayen."

Aka kira sunanta, ba su ma iya faɗarsa daidai ba. A gaban makirfo akwai wata 'yar fitila. Sakatariya ta ce in tana kore ta yi magana, in ta koma ja ta yi shiru, minti uku ake ba kowa. Rozela ta kwana biyu tana shirya abin da za ta ce. Tana buɗe baki sai aka haska hoto a bango, wai shaidar da mai ƙorafi ya kawo.

Ɗakin Emil ne, ƙofa a buɗe, ciki wayam. Amma ba ɗakin ta tsaya kallo ba. A gefen hoton ga bakin labulenta mai furanni rawaya. A ƙasa ga dakalin taga, ga kwalaben maganin Emil a jere, ga kofin shayinsa mai karyayyen hannu. Daga cikin kicin ɗinta aka ɗauki hoton. A tsakar gida kuma ga kujerun da coci ta ara mata ranar jana'iza.

Mutum ɗaya ce ta daɗe a bakin tagar nan ranar. Dalin Tibs, maƙwabciyarta ta shekaru, ta shigo da tiren taliya da cuku, ta rungume ta tana kuka har hoda ta ɓata mata kafaɗa, sannan ta ce, "Zauna ki huta, 'yar'uwa, ni zan wanke kwanukan."

Rozela ta waiga. Dalin tana layin baya, ta duƙufa tana neman wani abu a jaka.

Rozela ta juyo wurin kwamitin. Duk jawabin da ta shirya ya gudu. Ta nuna bangon da yatsa.

"Wannan kofin mijina ne. Ranar da aka ɗauki hoton nan, ƙasar kabarinsa ba ta bushe a takalmina ba. Ku ba ku ji ƙyamar kallonsa ba?"

Mace ɗaya a cikin 'yan kwamitin ta ce, "Muna taya ki baƙin ciki, Madam," idonta yana kan wayarta. Mista Linkwis ya ce kwamiti ba ya duba yadda aka samo hoto, abin da hoto ya nuna yake dubawa. Ya tambaye ta, shin ɗakin ya zauna babu tsuntsu, ko bai zauna ba?

"Ya zauna," in ji ta.

Fitila ta koma ja. Hannuwan da suka tashi wa bene suka sake tashi, a rushe ɗakin.

A bakin matakala Dalin ta tare ta, tana murza zoben hannunta.

"Rozela, wallahi ba da mugunta na yi ba. Kamfanin ne ya ce ba zai sayi gidana ba muddin akwai tsuntsaye a gefe. Kin san ciwon ƙafata, ina so in koma wurin 'yata."

"Da kin ƙwanƙwasa ƙofa kin faɗa mini."

"Ai kina cikin makoki."

"Ashe kin lura."

Vito ya ja hannunta suka wuce.

Ko rushewar ma sai da aka ce ta je ta nemi izini. Ta bi layi a ofishi guda, taga guda, aka buga mata hatimi nan take. Vito ya zo da guduma, ya ɓalle katakon ɗaya-ɗaya, bai yi wasa ko sau ɗaya ba. Ya kwashe tsuntsayen zuwa gidansa a hayin kogi, inda dokar ba ta kai ba. Abin da ya rage a bayan gidan sai daɓen siminti, da tafin hannun Emil da ya danna a kusurwa tun yana ɗanye.

Sai dai tattabara ba ta san kwamiti ba. Duk safiyar da Vito ya sake su su sha iska, 'Yar Toka takan ware daga garke, ta tsallako kogi, ta kewaya sabon benen da ya tare rana, ta sauka a kan daɓen. Takan yi ta zagaye tana leƙe-leƙe, tana neman ƙofa. Da yamma Vito ya zo da kwando yana mita, wai tsohuwa biyu sun haɗa masa kai.

Dalin ta sayar da gidanta ta tafi, ba ta zo karɓar tirenta ba. Rozela ta wanke shi tas. Kowace safiya takan cika shi da ruwa, ta kai shi kan daɓen kusa da tafin hannun, ta watsa hatsi kaɗan a gefe. Sannan ta kifa bokitin Emil, ta zauna, ta ɗaga kai sama.