Asabar ɗin da Mufida ta bar wa Lawwali

Shekarar da aka ɗauke sabis ɗin waya a Jibiya, kowa da irin wahalar da ya sha, amma ta Mufida daban ce. Ita mai zane ce, a allon nan na lantarki mai alƙalami take yi, a bayan rumfar abincin Innarta da ke Magama, bakin iyaka, inda manyan motoci ke jerin gwano suna jiran a sallame su. Tana cikin wata ƙungiyar masu zane ta intanet da suka raɗa wa suna Gayya, 'yan Kaduna da Maraɗi da Damagaram da Kano. Suna ɗora aikinsu a bulokcen, rumbun nan na intanet da ke rubuta sunan wanda ya fara kawo zane a matsayin mai shi. Ƙa'idarsu irin ta gayyar gona ce: kowace Asabar ta mutum ɗaya ce, ya zauna ya yi zane kai tsaye a bidiyo, sauran su ajiye nasu aikin su yi ta yaɗa nasa.

A lokacin ta gama zanen da ba ta taɓa yin kamarsa ba. Inna ce a bakin tukunya, ludayi a hannu, tururi ya rufe mata rabin fuska, 'yan dako sun miƙo kwanuka. Ga zane, babu sabis. Sai ga Lawwali, ɗan kawunta, wato taubashinta, wanda ke zaune a Ɗan Isa ta ɓangaren Nijar, inda ake ce wa sabis rezo. Shi ma ɗan Gayya ne, sai dai iyakarsa haruffa da tambarin shaguna.

Ya leƙa allon ya ce, "Ke baiwata, mi kike jira da wanga? Can wajenmu rezo kamar ruwa. Turo mani, in na tahi yau, gobe sunanki na bisa."

Ta tura masa, har da ƙulla masa ƙosai a leda.

Ranar da sabis ya dawo, zanen ta fara nemowa. Ga Inna, ga tururi, ga kwanuka, a ƙasa kuma an rubuta: Gwaggona, zanen Lawwali. 'Yan ƙungiya sun yi ta yabo kamar bakinsu zai tsage. Anti Khadijatul Kubra, babbarsu ta Kaduna, ita ce ma ta saya don ta ƙarfafa masa gwiwa. Mufida ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa a ƙirji.

Da ya zo cin abinci ta tare shi, sai ɗan banzan ya fashe da dariya, shinkafa cike da baki. "Haba, wasan taubashi ne hwa. Ko ba gwaggona ta ba?"

Inna ta ce, "Ki bar shi, ɗiyata. Ɗan'uwanki na, kar zumunci shi lalace kan hoto."

Ta ce to. Amma to ɗin Mufida ba ta haƙuri ba ce. Tana da asalin zanen a allonta, da ta kai ƙara wurin Anti da an kira su gefe, a ba ta haƙuri, a rufa masa asiri, magana ta mutu. Ita kuwa ba sulhu take so ba. A gaban jama'a ya ci yabonta, a gaban jama'a take so ya amayar da shi.

Ta yi ta zuba masa miya da nama, tana yi masa dariya, har layi ya zo kanta. Sai ta tura saƙon murya cikin ƙungiya, murya kamar zuma. Ta ce ta bar wa Yaya Lawwali Asabar ɗinta, tunda duniya ta so zanen Gwaggo, ya zo rumfa ya sake zana ta kai tsaye kowa ya ga gwaninta. Ƙungiya ta ɗauka da sowa. Anti ta ce wannan shi ne taimakon juna, Allah Ya yi wa Mufida albarka. Kafin Lawwali ya farga, an baza sanarwa ko'ina, har masu saye na ƙasashen waje sun ce za su kalla.

Ya kira ta. "Mufida, mi na yi maki haka?"

"Wasan taubashi ne hwa," in ji ta.

Asabar da hantsi ta share rumfa, ta kafa waya a kan buhun shinkafa ta yadda za ta ɗauki hannunsa da fuskarsa duka, ta ba shi allonta da kanta. Direbobi da 'yan dako suka kewaye shi. Inna ta tsaya bakin tukunya da sabon mayafi, ba ta san dawan garin ba.

Ya ja layi, ya goge. Ya zana kai, ya fito kamar kabewa. Ya koma kan hannun da ke riƙe da ludayi, yatsun suka zama kamar saiwar rogo. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Wani direba ya leƙa ya ce, "Kai, wannan Hajiya ce ko buhun gawayi?" Rumfa ta kece da dariya. A waya kuwa yabo ya tsaya cak, sai tambayoyi ke hawa. Mufida na tsaye ta harɗe hannu, kuma gaskiya daɗi take ji, daɗin da har ya ɗan ba ta tsoro.

Sai da ya kasa ɗaga kai sannan ta zare alƙalamin daga hannunsa. Ta goge kabewar, ta ja tururi, ta fito da kuncin Inna da tsagar da ke gefensa, ta karya wuyan hannu yadda mai kwasar miya ke karya shi. Duk mai ido ya gane hannun da ya yi na farko.

Muryar Anti ta fito daga waya. "Lawwali, wa ya zana Gwaggonka?"

Ya ce, "Ita ta."

Kafin azahar Anti ta mayar wa Mufida mallakar zanen farko, ta ce hakkinta ne, kuma ƙungiya ta dakatar da Lawwali. Da jama'a suka watse ya same ta tana wanke kwanuka, ya durƙusa kamar zai gaida surukai. Ya ce ta taimaka ta ƙona wancan zanen mai sunansa, don a bulokcen ba a gyara suna, sai dai mai riƙe da zane ya kashe shi ɗungurungum. In ta ƙona, ta ɗora sabo da sunanta, shi ke nan an manta.

Inna ta ce, "Ki ji ƙansa, Mufida. Ya sha kunya ta ishe shi."

Mufida ta ɗauraye kwano ta kife. "Sabo zan ɗora shi, Inna, da sunana. Wancan kau ba ni ƙona shi."

Ta juyo ta dube shi. "Kai ka rubuta sunanka da hannunka, Yaya. Bar shi nan, 'ya'yanka ma su taso su karanta."