Dodannin da Suka Iya Jira

Tun da hawan jini ya kayar da Maliki a ƙofar shagonsa a Yelwa, ya shanye masa ɓarin dama, matarsa Khaulat ba ta sake samun sukuni ba. Hannun ya mutu, ƙafar sai ja, bakin ya karkace har magana na fita da ƙyar. Likita ya ce a riƙa motsa masa jiki, a riƙa jan sa da hira. Maliki kuwa ya juya fuska ga bango. In ta kawo kunu ya kurɓa ya ture. In 'yarsu Hauwa ta shigo gaishe shi, sai ya rufe ido.

Ran da ya daure ya yi magana, cewa ya yi, "Ki... tafi gidanku."

"Ina ne gidanmu in ba nan ba, Baban Hauwa?"

Ta fita tsakar gida ta zauna kan turmi, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Hammadu ne ya kawo shawarar. Abokin Maliki ne tun suna samari, lokacin da Maliki ke da shagon buga takardu kusa da tasha. In aiki ya yi sauƙi, sai su zauna gaban kwamfuta su yi wani wasa da 'yan Yelwa suka sa wa suna Harbi-dodo: ba ka ganin kanka, sai bakin bindiga a gabanka, kana bin lungu kana harbin dodanni. Babu wanda ya kai Maliki iyawa. Khaulat na amarya a lokacin, kuma ta tsani wasan, don sau da yawa tuwonta ya huce saboda shi.

"An sake yin sa sabo fil," in ji Hammadu. "In ya gani, wallahi sai ya tashi zaune."

Ya zo da kwamfutarsa ta hannu, suka jingina Maliki da matasai. Da wasan ya buɗe, Khaulat kanta sai da ta ja baya. Dodon da ta sani a dā kamar an yanko shi daga kwali yake. Wannan kuwa har yawun bakinsa ana gani, da jijiyoyin wuyansa. Kiɗa na dukan ƙirji, wuta na ci ta ko'ina. Idon Maliki ya buɗe, buɗewar da ba ta gani ba tun faɗuwarsa. Ya miƙa hannun hagu.

"Da hagu kake tafiya," in ji Hammadu, "da dama kuma kake riƙe maus, wannan linzamin, ka duba sama da ƙasa, ka harba. Wannan na tsalle ne, wannan na zillewa. Kuma kada ka tsaya. A wannan in ka tsaya sun cinye ka."

Sai a nan ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya dubi mataccen hannun Maliki.

Maliki ya gwada da hannu ɗaya. In ya danna tafiya, babu mai juya bindigar. In ya kama maus, ƙafa ta tsaya. Dodanni suka zubo daga sama, daga baya, allon ya yi ja. Ya sake, aka sake kashe shi. Khaulat na kallon kafaɗarsa ta dama tana rawa, yana ƙoƙarin ɗaga abin da ba ya ɗaguwa. Daga ƙarshe ya ture kwamfutar, ya zame ya kwanta. Daga ranar ko kurɓin kunun ya daina.

Ta tare Hammadu a zaure. "Wasan na dā ɗin fa? Na tuna yana yi yana cin gyaɗa da ɗaya hannun."

"Wa ke da shi yanzu? Na nema a intanet, abin da na samu ya ƙi tashi a kwamfutata. Tsofaffin injinan kwamfutarsa kuwa, Andrew mai gyara ya kwashe su da aka rufe wancan shagon na tasha, kuma ya koma Wara."

Ba ta jira ya ce zai je ba. Ta bar wa Inna, mahaifiyar Maliki, jinya, ta shiga motar Ngaski mai zuwa Wara. Damina ce, hanya ta lalace, motar ta kafe a laka har sai da fasinjoji suka tura. Tana tsaye a gefe tana tunanin in ta koma ta tarar ya cika fa, ita tana yawon neman wasan yara? Ta kusa tsayar da mai komawa Yelwa. Amma in ta koma hannu wofi, me za ta yi masa wanda ba ta yi ba?

A Wara ta sami Andrew a bakin ruwa yana gyaran injin jirgi, baƙin mai har gwiwar hannunsa. Shi ne ke gyara wa Maliki kwamfuta a dā. Da ya ji labarin, ya goge hannu, ya kai ta wani ɗaki mai warin kifi da tsatsa. Injinan na jibge a ƙarƙashin tsohuwar komar kamun kifi. Na farko ɓeraye sun yi gida a ciki. Na biyu ko ƙyas bai yi ba. Ya cire wani abu daga wannan ya sa wa wancan, ya hure ƙura, ya jona da batirin sola. Sai ga ƙara, sai ga wani lungu mai duhu, da bindiga a tsakiyar allo.

"Shi ne," ta ce.

"Maman Hauwa, kada in ruɗe ki. Allon nan ya tsufa. Yana iya kai wata, yana iya mutuwa gobe."

Ta ɗora injin a cinya, allon a tsakanin ƙafafu, har Yelwa.

Maliki bai juyo ba da Hammadu ke haɗa wayoyi. Kiɗan ne ya juyo da shi, siririn kiɗa kamar na tsohuwar rediyo. Ya daɗe yana kallo. Wasan na tsaye a farkon lungu, babu abin da ya zubo masa. Dodannin na can bayan ƙofa, ba sa fitowa sai ka buɗe. Ya sa yatsun hagu kan madannan kibiya. Gaba. Hagu. Ya tsaya ya huta, babu wanda ya taɓa shi. Babu duba sama, babu tsalle. Abin da ke gabanka shi bindiga ke samu.

Amma madannin harbi, wanda a dā yake latsawa da babban yatsan dama, yatsun hagunsa ba su kai gare shi ba. Ya buɗe ƙofa, dodo ya taso, ya kai hannu zai harba, aka kashe shi. Khaulat ta ga fuskarsa ta fara komawa bango. Ta yi maza ta hau gadon, ta zauna a damarsa, ta ɗora yatsa kan madannin.

"Kai ka tuƙa. Ni zan harba."

Ta harbi bango, ta harbi ƙofa, ta ƙarar da harsashi kafin dodon ya fito. Aka kashe su.

"Ba... yanzu ba," ya ce, ransa a ɓace. "Ki jira... sai na ce."

Suka sake. Ya zagaya ginshiƙi a hankali, ya daidaita bindigar. "Yanzu." Ta danna, dodon kwali ya zube. Maliki ya yi wani sauti a maƙogwaro, rabin bakinsa ya ɗaga. Hannun dama na nan kwance a cinyarsa, bai motsa ba.

Suna cikin lungu na gaba allon ya fara ɓari, launinsa ya koma kore. Khaulat ta miƙa ɗaya hannun ta taɓa bayan allon, ta ji zafi kamar murfin tukunya. Ta dubi Hammadu, ya kawar da kai. Ta jawo maficin Inna, tana yi wa allon fifita da hagu, yatsanta na dama na kan madannin, tana jiran ya ce mata yanzu.